Tsinkewar taimin bel: ɓarnar da take yi wa inji da yadda ake gyara

Taimin bel ɗamara ce ta roba mai haƙora wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul su riƙa buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistin. Da zarar ta tsinke sai kamshaf ya tsaya, alhali karanshaf na ci gaba da juyawa. A injin da fistin da bawul ke amfani da fili ɗaya, irin na Peugeot 406 da Honda Accord, fistin kan daki bawul ɗin da suka rage a buɗe ya lanƙwasa su, wani lokaci ma ya fashe ko ya lalata kan injin. Camry mai injin lita 2.2 takan mutu ne kawai ba tare da wannan karo ba, Peugeot 504 kuwa sarƙa take amfani da ita.

Ba kasafai bel ɗin ke yin gargaɗi ba. Mota tana cikin tafiya sai ta mutu, in an murɗa makulli a ji inji yana juyawa sakayau. Kuskure ne a yi ta gwada ta da ita ko a tura, domin hakan na iya ƙara ɓarna. Janye ta ya kamata a yi.

A gareji, bakanike zai sauke kan injin, ya sauya bawul ɗin da suka lanƙwashe da gaskit, ya duba fistin, sannan ya daidaita alamomin taimin. Kuskuren haƙori ɗaya kan hana mota ƙarfi. Hikima ce a sauya tenshina da famfon ruwa a lokaci guda. Idan kayan suka yi wuya a Ƙaura Namoda, sai an aika Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Yawancin kamfanoni kan ƙayyade sauyi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, amma zafi da ƙura da yoyon baƙin mai suna rage wa roba kwana. Mai 'yar Kwatano da bai san tarihinta ba, gara ya sauya tun ranar saye. Ga ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ranar Alhamis, ko ma'aikacin da ke ratsa Zurmi zuwa Jibiya, lamarin ya wuce lissafin kuɗin gyara: waɗannan hanyoyi ne da 'yan bindiga suka sha tarewa, ba kuma inda ake so mota ta mutu da almuru ba ne.