Makullin da Ba a Gani: Daga Ofisoshin Amurka zuwa Ɗakin JAMB



Duk wanda a cikinmu ya taɓa yin sammako daga Janfalan ko Kudan ya nufi Zariya don rubuta JAMB ya san abin da za mu faɗa. Ka zauna gaban kwamfuta, tambayoyi sun cika allo. Babu wurin rubuta adireshi, babu halin buɗe wani shafi. Na kusa da kai ma haka, duk ɗakin haka. Burauzar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, a kulle take, makullin kuma ba ya hannun wanda ke zaune a gabanta.

Wannan dabara ta girmi jarrabawar kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarun 1990 ofisoshin Amurka da Turai sun cika da kwamfutoci, kowane ma'aikaci yana taɓa saiti yadda ya ga dama, injiniya ɗaya kuma yana bin tebur-tebur yana gyara. Sai Microsoft ya sa wani tsari a Windows 95 da Windows NT 4.0: a rubuta dokoki a fayil ɗaya a ajiye a uwar kwamfuta, sauran su karanta duk lokacin da aka shiga. Amma yana da aibi. Ko an janye dokar, saitin yana nan daram a jikin kwamfutar, har injiniyoyi suka riƙa kwatanta abin da jarfa, wadda ba ta goguwa. A Windows 2000 aka kawo Group Policy, ya rage wannan matsala. A ƙarƙashinsa kowace kwamfuta takan koma wajen uwar kamar duk bayan minti 90 ta ji ko an sauya umarni. Chrome ya karɓi irin wannan iko a 2010, Firefox ya kawo nasa a 2018. Mutum ɗaya sai ya tsayar da shafin farko na kwamfuta dubu, ya toshe wasu shafuka, ya hana sauke fayil, bai tashi daga kujerarsa ba.

A wajenmu ta kafe abin ya fara shigowa. Yayyenmu suna ba da labarin farkon shekarun 2000, lokacin da ake sayen awa: mai kafe yana teburinsa, lokacinka na cika allo ya rufe, ko kana tsakiyar wasiƙa. Wannan makullin kuɗi ne kawai.

Na JAMB makullin amana ne. Hukumar, wadda aka kafa a 1978, ta yi shekaru tana fama da satar amsa a jarrabawar takarda. A 2013, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, ta fara gwada kwamfuta, a 2015 ta ajiye fensir gaba ɗaya. Cibiya guda takan ɗauki ɗalibai 250 a zama ɗaya, duk kwamfutocin suna jan tambayoyi daga uwar kwamfutar cibiyar. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, aka sauƙaƙa wa wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. A ganinmu wannan ya yi wa ɗan ƙauye adalci, domin yaron da ya fara taɓa kwamfuta a makon jarrabawa da wanda ya tashi da ita a ɗakinsa allo iri ɗaya suke gani.

A nan ne muke da ɗan ƙorafi a kan rubutunmu. Sai ka karanta labari an ce jaruma ta faki idon mai tsaro ta buɗe Google a ɗakin JAMB. Duk wanda ya zauna a ɗakin zai ajiye labarin. Fargabar gaskiya a can daban take: janareta ya tsaya, ko allo ya daskare agogo yana tafiya.

Akwai ma wadda ta fi su. Hannun da ke kulle kwamfuta dubu a lokaci guda, in ya kuskure, dubun ne za su kuskure tare. A jarrabawar 2025 an yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa ga wasu uwayen kwamfutoci na shiyyar Legas da Kudu maso Gabas ba. Ɗaliban ba su da yadda za su sani, tunda ba abin da za su iya dubawa sai tambayar da ke gabansu. Suka amsa, suka miƙa, sakamako ya fito da makin da ba nasu ba. Ranar 14 ga Mayu Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifi har da hawaye. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, ɗalibai 379,997, kuma daga 16 ga Mayu suka fara komawa ɗakin don sake rubutawa.