Yawon Keke a Tudun Jos: Hanyoyi Huɗu Daga Kongo-Rasha da Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Zuwa ga 'yan uwa na Sabon Ibadan, Agege, Shagamu, Onica da Fatakwal. Duk Sallah ko bikin dangi wasunku kan zo Jos, su yi kwana uku a ɗaki, su koma ba su ga komai ba sai Taminus da masallacin Juma'a. Wasu kuma in an ce Jos, rikici kawai ke zuwa musu a rai. Ni a Kongo-Rasha na tashi, mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma aiken da yake mini tsakanin 'Yan Shanu da Karar Bukuru shi ya sa na san hanyoyin nan a kan keke. Ga bayaninsu, da daɗinsu da haɗarinsu.

Yanayin ƙasa da lokacin zuwa

Garin Jos yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Wanda ya saba da zafin Legas zai ji iska ta yi masa sauƙi, amma a hawan farko numfashi zai gaya masa gaskiya. Kada ka fara da doguwar hanya ranar da ka sauka.

Damina daga Afrilu ne zuwa Oktoba, kuma ruwan Agusta ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara. Mafi daɗin lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, duwatsu na nan kore shar, hazo bai sauko ba. A Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba kan sa yatsu su ƙage har ka kasa matsa birki, sai da safar hannu da rigar sanyi.

Hanya ta farko: gidan tarihi da Naraguta

Wannan ta rabin yini ce, ta masu koyo. Daga Kongo-Rasha ka shiga cikin gari ka nufi gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan ake ajiye kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. A harabar akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ɗan da aka haifa a Kudu, bai taɓa ganin ginin tubali da azara ba, to a kawo shi nan. Akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Gidan zu na nan maƙwabtaka.

Daga nan ka kama titin Bauchi zuwa Naraguta, inda Turawan kamfanin Neja suka fara kafa sansanin kuza a farkon shekarun 1900, kafin Jos ta zama gari. Yanzu Jami'ar Jos ce ta mamaye gefen. Kogin Dilimi ta wannan ɓangaren yake ficewa. Ka gan shi ɗan ƙarami cikin shara, amma ruwansa Jama'are yake nufa, daga can Yobe, har tafkin Chadi. Kuma ba abin rainawa ba ne: a Yulin 2012 ambaliya ta ci mutum fiye da 30 a Rikkos da Gangare da kewaye. In hadari ya haɗu, bar bakin kogi.

Mai sauran ƙarfi yana iya zarcewa Babale zuwa Tilden Fulani a jihar Bauchi. Tafiyar gangara ce mai daɗi, sai dai duk abin da ka gangara da safe za ka biya shi da gumi a dawowa.

Hanya ta biyu: Lamingo da duwatsun Shere

Ita ce ta fi kusa, ita ce kuma ta fi cin cinya. Ka bi hanyar Lamingo ta gabas, ka wuce madatsar ruwa da asibitin koyarwa, duwatsun Shere za su tare ka. Ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829, babu inda ya fi ta tsawo a Filato. Akwai makarantar horar da matasa hawan dutse da juriya a gindinsu. Ƙasar Afizere ce, waɗanda mu Hausawa muka fi sani da Jarawa.

Kwalta kan ƙare ta bar ka da burji da tsakuwa, don haka keke maras giya turawa za ka yi. Gonaki a nan da kerana ake shinge su. Kada ka taɓa ruwanta, in ya shiga ido akwai magana. Can sama ba keke, sai ƙafa. Ka bar keken a hannun mutanen gari, ka nemi ɗan rakiya, ka sallame shi da abin kirki. Wasu duwatsun suna da alfarma a al'adarsu, in an ce kada a hau, kada ka yi gardama.

Hanya ta uku: Rayfield, Bukuru, Vom

Wannan ta yini guda ce, ita kuma na fi so, don tarihin kuza da na shanu duk suna kanta. Jos zuwa Bukuru kamar kilomita 15 ne. In ka ratse ta Rayfield ka rage cunkoson manyan motoci, ka ga filin wasan golf na Turawan kuza da tafkin shaƙatawa. Jajayen tuddai da tafkunan da za ka riƙa gani hagu da dama ba haka Allah ya halicci ƙasar ba, ramukan kuza ne ruwa ya cike. Kakannin da yawa daga cikinmu wannan aikin ya kawo su daga Kano, Katsina da Bauchi, wasu da ƙafarsu, wasu kuma ɗiban gwamna ne lokacin yaƙin duniya na biyu. Harkar ta durƙushe ne bayan faɗuwar farashin kuza a 1985. Tafkunan suna da kyan gani, amma zurfi gare su da laka a ƙasa, kuma sun ci yara da shanu ba adadi. Komai zafi, ban da wanka.

A Bukuru ka leƙa Kara. Yawancin 'yan uwa da ke karɓar tirela a Kudu ba su taɓa ganin inda ake lodin ba. Ka sha shayi, ka ci masa, ka ƙara ruwa a gora.

Daga Bukuru hanyar Vom shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca a gefe. A Vom ne cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. An kafa ta ne saboda bushiya, cutar da ta share garken Fulani a shekarun 1890 ta mai da masu dukiya mabarata. Daga nan aka riƙa haɗa allurar rigakafi ana rabawa, kuma a 2011 aka sanar cewa an kawar da cutar a duniya baki ɗaya. Duk wanda ke cin abinci da saniya, ko mahauci ne a Oko-Oba, yana da bashin godiya ga wannan wuri. Kogin Kaduna ma daga wannan yankin yake tasowa. A Kuru, kusa da nan, akwai cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da aka buɗe a 1979.

Hanya ta huɗu: Riyom, Hawan Kibo, Assop

Wannan ba ta sabon shiga ba ce. Daga Mararrabar Jama'a ka ɗauki hanyar Abuja. Kusa da Riyom za ka hango duwatsun nan da aka ɗora ɗaya kan ɗaya kamar da hannu aka jera, ka ce iska za ta ture su, amma tun kaka da kakanni suna nan. Gaba kuma Hawan Kibo, inda tudun Filato ke karyewa ya gangara. Direbobin shanu sun san shi sarai, don tireloli nawa birki ya yaudara a wurin. Ka riƙa matsa birkin baya da na gaba tare, kaɗan-kaɗan, ka tsaya ƙarfe ya huce, kuma kada ka yarda babbar mota ta biyo bayanka a kwana. A can ƙasa ruwan Assop ke zubowa daga dutse, kimanin kilomita 60 daga Jos. Duwatsunsa santsi gare su. Shawarata, ka dawo a mota da keken a but.

Maganar tsaro

Ba zan ɓoye muku ba. Rikicin 7 ga Satumba 2001 a unguwarmu ya tashi, ranar Juma'a. An sake yi a 2008 da 2010, kuma tun daga nan unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. A Agustan 2021 an kashe matafiya fiye da 20 a titin Rukuba, suna komawa jihar Ondo daga Bauchi, a daidai lokacin da ƙauyukan Irigwe na yankin Miango ke binne nasu mamatan. Ƙauyukan Riyom, Barikin Ladi da Bassa har yanzu ana samun hare-hare, kuma kowane ɓangare yana da makokinsa. Shi ya sa ban sa hanyar Miango a lissafi ba, duk da kyanta.

Amma kwanakin lafiya sun fi yawa, kuma a kasuwa tare ake ciniki. Ƙa'idojin da muke bi su ne:

Ka tambayi labarin hanya da safen ranar, wajen direbobin tasha, ba labarin makon jiya ba.
Ku fita ku uku ko huɗu, da ɗan gari mai abokai a kowane ɓangare.
Ka tsaya kan babban titi, ban da yanke ta gona ko ta cikin unguwar da ba ka sani ba.
Ka gai da mutane. Hausa kowa ke ji a Filato, sannu ɗaya tana buɗe ƙofa.
Ka riƙe katin shaida saboda shingen jami'an tsaro, kuma kada ka ɗauki hotonsu.
La'asar ta same ka a hanyar gida, magariba a cikin gida.
In ka ji an ce gari ba lafiya, ka fasa. Dutse ba ya gudu.

Kayan tafiya

Keke mai giya da birki mai ci, ko na gwanjo ne; ana samu a kasuwar Katako, amma ka kai wa mai gyara ya duba kaca da taya kafin ka biya. Ka ɗauki famfo, kayan faci, tub ɗaya na ajiya, hular kwano, ruwa aƙalla lita 2, dabino ko ƙuli-ƙuli, da kuɗi a hannu don ba ko'ina ake samun sabis ba. Bayan Bukuru masallatai na nesa da juna, don haka ka tafi da 'yar dardumarka da ruwan alwala.

Wanda kwana ɗaya kawai gare shi, ya ɗauki ta farko da safe, Lamingo da yamma. Mai kwana biyu ya ƙara da Vom. Allah ya kawo ku lafiya, ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya.