Bayan tiyata: abin da bincike ya gano game da ruɓewar rauni da sauran matsaloli

Ruɓewar rauni bayan tiyata na faruwa ne idan ƙwayoyin cuta suka shiga wurin da aka yanka. Likitoci na lissafa ta cikin matsalolin tiyata idan ta bayyana a kwanaki 30 na farko. Alamunta su ne masassara, kumburi, zafi mai ƙaruwa, mugunya ko wari, wani lokaci ɗinki ya buɗe.

A cewar Hukumar lafiya ta duniya, OMS, kashi 11 cikin 100 na waɗanda ake yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na kamuwa da irin wannan cuta. A Afirka, adadin na iya kaiwa kashi 20 ga matan da aka yi wa aiki aka fidda jariri.

Wani babban bincike mai suna ASOS, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2018, ya bi marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala, kuma shigar ƙwayoyin cuta ce ta fi yawa. Mutum 239 suka rasu, wato kashi 2.1 cikin 100. Kashi 94 na mace-macen sun faru ne bayan ranar aikin. Masu binciken sun danganta haka da ƙarancin ma'aikata da kayan sa ido, abin da ke sa ba a gane mai jin jiki ya rikice sai lokaci ya ƙure.

A jihar Maraɗi ma an yi irin wannan bibiya. A Danja, cikin gundumar Jiratawa, akwai cibiyar kula da masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. Wani bincike da aka buga a 2018 ya duba halin da mata 384 ke ciki wata shida bayan an yi musu aiki a can. Dalilin dogon jiran shi ne rufe ramin ba kullum yake tsayar da yoyon ba, kuma ba a sanin sakamako na gaskiya ranar sallama.

A 2016 OMS ta fitar da shawarwari 29 na rigakafi. Daga ciki akwai wanka da sabulu kafin aiki, barin aske wurin da reza, da ba da maganin antibiyotik cikin minti 120 kafin a yanka. Hukumar ta ce kada a ci gaba da ba da shi bayan aiki da sunan kariya, domin hakan na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

A gida, nauyin kula yakan koma kan ƴan jinya. Mai jinya ya wanke hannu kafin ya kusanci raunin, kada a shafa toka, mai ko garin magani, kada a sayi ƙwayoyi wurin masu talla. Wanda aka sallama daga babban asibitin Maraɗi ya koma Tibiri ko wani ƙauye, ya riƙa zuwa CSI mafi kusa ana wanke raunin a ranakun da aka sa masa. In an ga masassara, mugunya, zubar jini ko kumburin ciki, a koma asibiti a ranar.