Karatu da Ido, Karatu da Kunne: Daga Jajin Nana Asma'u Zuwa Wayar Hannu

 

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata baiwar Allah daga Kebbe. Ta ce ba ta yi boko ba, allo ma ba ta yi nisa ba aka yi mata aure. Amma tana da waya, ƙanenta ya zuba mata littattafan Hausa waɗanda ake karantawa da murya. In tana tuƙin tuwo ko ɗinkin hula sai ta kunna. Maigidanta ya ce wannan ba karatu ba ne, shiririta ce. Shi ne take tambayata, da yake aikina kula da ɗakin karatu ne, wai wanda ya ji littafi da kunne ya yi karatu ko bai yi ba?

To 'yar'uwa, kafin in ba ki amsa bari mu waiwaya baya, don amsar tana cikin tarihin ƙasarmu.

Kin san garin Tambuwal yana da alaƙa ta jini da gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin ɗansa Muhammadu Buhari ne ya zauna nan ya riƙe wannan yanki. Buhari yana da 'yar'uwa uba ɗaya, wato Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793. Tana yarinya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, kuma cikin kayan da jama'a suka ɗauka har da littattafai. Ki tuna a wancan zamani babu injin buga littafi a ƙasar nan. Takarda daga Turai ake kawo ta, ta biyo ayarin raƙuma ta hamada, saboda haka tsada gare ta. Kowane littafi da hannu ake juyar sa, warƙa-warƙa, ba ɗinki, a sa shi cikin gafaka ta fata. In gara ta shiga, ko ruwa ya taɓa, ko warƙa ɗaya ta ɓace, an yi hasarar da ba a saya a kasuwa.

Da Shehu ya rasu a 1817, Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo suna cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Wannan shi ne ainihin aikin mai kula da laburare: ya san abin da ke akwai, ya san inda yake, ya tsare shi, ya kai shi ga mai bukata. Shi ya sa duk ranar da ƙura da zafi suka gajiyar da ni a wurin aiki, nakan tuna cewa sana'ar nan tawa tana da uwa.

Amma Nana ba ta tsaya ga ajiya ba. Ta duba ta ga mafi yawan mata, musamman na ƙauye, ba su iya karanta Larabci ba, kuma matan aure ba su da halin barin ɗakunansu su zo Sakkwato ɗaukar karatu. Sai ta mayar da ilimi waƙa, da Fulatanci da Hausa, yadda za a ji a haddace. Akwai waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 duka. Akwai ta tarihin Shehu da gwagwarmayarsa, wadda ake kira Waƙar Gewaye. Akwai ta mata salihai na da. Ta zaɓi dattijan mata masu amana ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani. Jaji za ta taso daga garinsu da 'yan mata da tsofaffi, su zo su saurara, su haddace, su koma su rera wa matan da ke cikin gida. Su ne 'Yan Taru. Bayan rasuwar Nana a 1864 ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Kin gani ke nan, 'yar'uwa, littafi mai magana ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu da kunne suka yi karatun tsarki da salla da haƙƙin maƙwabci, suna niƙa suna kaɗi.

Ƙagaggun labarai na boko kuwa daga baya suka zo. A 1933 wani Bature, Rupert East, na Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Su ma ta kunne suka shiga gidaje da yawa. Ni kaina haka na fara. Ina firamare, in an yi sallar isha'i sai a kunna fitilar ƙwai, innata da abokiyar zamanta su sa ni gaba in karanta musu Magana Jari Ce. In na yi tuntuɓe a kalma, su da ba su san baƙi ko ɗaya na boko ba su ne ke gyara mini, don sun fi ni Hausa. Gidajen rediyo ma sun daɗe suna karanta littattafai ga masu saurare. A ƙasashen Turawa kuwa, a shekarun 1930 aka fara ɗaukar littattafai a faifai a Amurka da Ingila saboda makafi, daga baya masu ido suka ga amfanin abin suka shigo.

A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, mata suka shiga fagen. Sai ga Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, sai su Bilkisu Funtuwa. Littattafan Kano suka cika kasuwanni, yara suna karɓo wa iyayensu mata haya. An yi ta cece-kuce a kansu, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano, wai suna ɓata tarbiyya.

Ga ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina miƙa littafi ina karɓa. Littafin soyayya kamar kasuwa yake, akwai gero mai kyau akwai mai tsakuwa. Na karanta waɗanda suka faɗi gaskiyar auren dole da wulaƙancin zawarci fiye da yadda za mu iya faɗa a zaure. Na kuma karanta waɗanda babu komai ciki sai leshi da mota da ashar. Ƙona su duka kuskure ne, haɗiye su duka ma kuskure ne. Tankaɗe ake yi.

Nan ne tsarin Nana ya fi namu. Matar da ke sauraren jaji ta san wa ke magana, ta san daga wa ta ɗauko. Muryar da ke cikin wayarki fa, wa ya naɗa ta? Sau da yawa ko sunan marubuciyar ba a faɗi, balle a biya ta haƙƙin wahalarta. Saboda haka ki riƙe abu uku. Na farko, ki tambayi wa ya rubuta; labarin da ba shi da uba a yi hattara da shi. Na biyu, ki tuna littafin takarda ke kaɗai kike gani, amma na murya duk tsakar gida ke ji, har da yaron da kike zaton wasa yake yi. Abin da ba za ki iya ji gaban surukarki ba, kada ki kunna shi gaban ɗiyarki. Na uku, kada kunne ya hana ki neman ido. Mai saurare sai abin da aka zaɓa mata, mai karatu ita ke zaɓa, ta tsaya inda ta so, ta koma baya ta yi tunani. Ki sa ɗanki ya nuna miki baƙi biyar kullum, ajami ko boko. Kafin damina ta zagayo za ki ba kanki mamaki.

Game da maigida, kada ki yi jayayya da shi. Ki zaɓi littafi mai ma'ana, ki kunna lokacin da yake cin tuwon dare, ki bar shi ya yi hukunci da kunnensa.

Roƙona na ƙarshe ga matan Tambuwal da Kebbe da kewaye: gidajenmu da yawa akwai tsofaffin takardun ajami na kakanni cikin adaka ko tukunya. Don Allah kada a bar su ga gara, kada a ba yara su yi wasa da su. A kakkaɓe su, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta, a ɗaga su daga ƙasa, a nemi mai ilimi ya duba. Wataƙila waƙar da wata jaji ta rera wa kakarki tana nan kwance a ɗakinki.

Amsarki dai, 'yar'uwa ta Kebbe, ita ce kin yi karatu, saura ki ƙara. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da malamanmu, ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.