Tarihin Tsawon Katun: Daga Minti Bakwai na Silima Zuwa Minti Ɗaya na Waya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa ko Kwoi a shekarun 1980 ya san yadda yara ke cika falon mai talabijin da yamma idan an sa katun. Sai dai katun ɗin nan ba tsawonsu ɗaya ba, kuma tsawon ne ya raba waɗanda muka gane labarinsu da waɗanda muka bi da ido kawai.

A gidan silima katun ya fara. A Amurka akan haska gajeren katun kafin babban fim, a kan naɗin fim guda, yawanci minti 6 zuwa 8. Da wannan awo William Hanna da Joseph Barbera suka fara Tom and Jerry a kamfanin MGM a 1940, suka yi guda 114 zuwa 1958. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato minti bakwai ya haura hoto 10,000. A ɗan wannan lokaci babu filin doguwar gabatarwa. Ga kyanwa, ga ɓera, sai tsere. Magana ma kusan babu, motsi da kiɗa ke ba da labarin.

Shi ya sa ya karɓu a gari irin Kafanchan. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo wajajen 1927, ya tara Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarbawa. 'Ya'yansu na iya zama kan tabarma ɗaya su kwashe da dariya lokaci guda, ba mai buƙatar tafinta.

A 1957 MGM ya rufe sashen katun, sai Hanna da Barbera suka koma yi wa talabijin aiki. Talabijin na yanka lokacinsa rabin awa rabin awa, kuma a Amurka idan an cire talla abin da ke saura bai fi minti 22 zuwa 25 ba. Da farko sun cike gurbin da gajeru uku, kamar yadda suka yi a The Huckleberry Hound Show a 1958. Amma kuɗin da tashoshi ke biya bai kama ƙafar na silima ba, ga shi ana son sabon kashi kowane mako. Dole suka rage zane: jiki ya tsaya cik, baki da ido kawai ke motsi. Kwalar da ke wuyan Yogi Bear ma dabara ce ta raba kai da gangar jiki, don a riƙa sake zana kan kaɗai. Da motsi ya ragu, sai surutu ya maye gurbinsa. The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969 suka ɗauki labari guda ya cinye rabin awar duka, da ƙulli da warwara, kuma rabin daɗinsu a baki yake.

A haka suka iso mana. An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, tashar Jos ta zama ta farko da ta watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 aka haɗa tashoshin ƙarƙashin NTA. Da Voltron, wanda ya fito a 1984, ya shigo, yaron da Turancinsa bai nuna ba sai ya yi ta haƙuri da hirar da ba ya ji, yana jiran zakunan nan biyar su haɗe su zama ƙato guda. Ga kuma NEPA: gajeren katun kan ƙare kafin a ɗauke wuta, amma mai rabin awa sau da yawa sai washegari a makaranta za a ji ƙarshensa daga bakin wanda unguwarsu ke da wuta.

Daga baya masu sana'ar suka raba gardama da labari biyu, kowanne minti 11, tsarin da SpongeBob ya bi tun 1999. Minti 11 ya isa a san halin ɗan wasa, a ƙulla matsala a warware, ba tare da yaro ya ƙosa ba.

Mu ma a wannan yanki muna da namu tarihin. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015, ya yi Bon Voyage Sim a 1966. Minti biyar ne kacal, kan wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, amma ya isa ya yi wa shugabannin lokacin zambo. A Abuja kuma Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010, don yaran Najeriya su ga masu kama da su a allo.

Yau waya ce ke yanka lokaci. Tsadar data da tsarin TikTok da gajerun bidiyon YouTube sun tura abin zuwa minti ɗaya ko ƙasa da haka. Minti ɗaya na ɗaukar faɗuwa da dariya, amma ba ya ɗaukar dalili da sakamako. Yaro zai ga an yi wayo, ba zai ga ranar da wayon ya ƙare ba. Tatsuniyar Gizo kuwa sai ta bi matakanta: yunwa, dabara, cin nasara, kwaɗayi, tonon asiri. Idan an yanke na ƙarshen, darasin ya juye.

Don haka matasanmu da ke koyon zane a kwamfuta, ku auna tsawo kafin ku zana layin farko. Rabin awa aikin kamfani ne mai jari da ma'aikata. Minti 7 zuwa 11 kuwa mutum uku ko huɗu masu naci za su iya, kuma daidai yake da tatsuniya guda. Ku yawaita motsi, ku taƙaita magana, don a samu sauƙin ɗora murya da Hausa, Jju, Tyap ko Hyam a kan zane guda. Iyaye kuma, idan za a miƙa wa yaro waya, a zaɓa masa labari mai farko da ƙarshe, a bar shi ya kai ƙarshen, sannan a tambaye shi abin da ya faru da dalilinsa.

Allah ya raya mana zuri'a.