Daga Tandu Zuwa Kwalbar Mai

Kafin zuwan boko, budurwa a Roni ko wani gari na ƙasar Kazaure ba ta rasa kayan ado ba. Tana da kwalli a tandu, tana ƙunsa lalle a zunguru, tana cin goro da fure don haƙora su yi ja. Duk waɗannan ƙari ne a kan jiki, babu mai neman sauya halitta. Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa kwalliyar da ba ta da illa. Yawancin kwallin gargajiya dutse ne mai ɗauke da dalma. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce.

Sauyi babba ya zo ne da man shafawa na kanti. A shekarun 1970 mayuka irin su Ambi suka cika kasuwanni, aka fara auna kyau da hasken fata, har Fela Kuti ya yi wa abin zambo a waƙarsa Yellow Fever ta 1976. Daga birane abin ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai, inda kowa ke kallon kowa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da irin waɗannan mayuka.

To, ina ruwan karatu da wannan? Wasu mayukan na ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, tana kawo rawar jiki da mantuwa. Mantuwa kuwa, a ganina, babu babbar asara ga ɗalibi kamarta. Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke sa gyangyaɗi, ga malami yana ta bayani. Kuɗin da iyaye suka sayar da gero ko akuya suka aiko don abinci da littafi, a nan wani kaso yake tafiya. Samari ma, a faɗi gaskiya, ba a bar su a baya ba.

Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. A Nijeriya kuwa sai a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, shekara 47 bayan waƙar Fela.