Faɗan Malaman Lissafi: Bekta Ta Ci Aji, Kwataniyon Ya Dawo Ta Waya

Yau labarin wani tsohon faɗa ne tsakanin malaman lissafi, wanda har yanzu burbushinsa na cikin littafin fizis ɗinka da wayar hannunka.

Mu fara da gwaji. Riƙe wayarka a tsaye tana kallonka. Kwantar da ita fuska sama, sannan ka juya ta dama. Yanzu mayar da ita tsaye, ka fara juya ta dama, sannan ka kwantar. Ka ga bambanci ko? A lissafin da muka saba, 3 sau 4 daidai yake da 4 sau 3. Juyi kuwa bai yarda da wannan doka ba.

William Hamilton na ƙasar Ailan ya yi shekaru yana neman yadda zai ninka lambobi uku-uku, abu ya ƙi. Ran 16 ga Oktoban 1843, yana tafe da matarsa a birnin Dublin, sai dabara ta faɗo masa: lambobi huɗu ake buƙata, kuma sai an saki waccan doka. Don murna, nan take ya kankare ƙa'idar a jikin dutsen gadar Broom. Haihuwar kwataniyon ke nan.

A 1844 kuma wani malamin sakandare Bajamushe, Hermann Grassmann, ya fitar da littafi kan yadda ake ninka layi da layi a samu fili. Littafin ya yi tsauri, kusan babu wanda ya karanta. Sai a 1878 William Clifford na Ingila ya haɗa aikin mutanen biyu, abin da yau ake kira aljabarar jiyometiri. Shekara na zagayowa ya mutu, yana da shekara 33. Ilimin ya zama maraya.

To ina bekta? Josiah Gibbs a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila suka ga kwataniyon ya yi wa injiniya nauyi, sai suka raba ninkinsa biyu: ninkin ɗigo da ninkin giciye. Peter Tait, babban mai kare Hamilton, ya harzuƙa, aka yi ta musayar zafafan wasiƙu a mujallar Nature a shekarun 1890. A 1901 ɗalibin Gibbs, Edwin Wilson, ya mayar da darussansa littafi, makarantu suka rungume shi.

Amma sauƙin yana da tsada. Ninkin giciye ba ya aiki a kan shafi mai tsawo da faɗi kawai. Da kwamfuta ta zo, aka tuna da Hamilton. A 1985 Ken Shoemake ya nuna yadda kwataniyon ke juya zane sumul, da lambobi 4 maimakon 9 na matiris. Yau wasannin bidiyo da tauraron ɗan'adam da wayoyi da shi suke aiki. David Hestenes ma tun 1966 ya farfaɗo da aikin Clifford, inda ƙa'idojin Maxwell huɗu na lantarki suke dunƙulewa su zama ɗaya.

Kun ga, abin da ya ci aji ba shi ya fi cika ba, shi ya fi sauƙin koyarwa. Da kai ne malami, da wanne za ka fara? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.